Gidanmu Bai Tashi Ba, Hotonsa Ya Zaga Batsari

Assalamu alaikum Hajiya Ramlat, ya aiki, ya iyali. Don girman Allah ki taimake ni da shawara, kuma in da hali kada wasiƙata ta daɗe a layi, domin abin da nake tsoro ba zai jira ni ba. Ki yi haƙuri in kin ga ina kai gwauro ina kai mari a cikin zancen, hankalina ne ba a kwance ba. Sunayen da zan ambata duk na canza su, garin kawai na bari don ki san irin wurin da muke.

Ni matar aure ce mai 'ya'ya huɗu. Na yi karatu har sakandare a Safana kafin a kai ni ɗaki, yanzu ina koyar da yara a Islamiyyar unguwarmu. Maigidana, wanda zan riƙa kira Malam, manomi ne, yana kuma sayen wake da gero yana kaiwa kasuwa. Asalin zamanmu a wani ƙauye ne cikin yankin Wagini.

Sai na fara da abin da ya fito da mu, in ba haka ba ba za ki gane tsorona ba. Wata rana bayan la'asar ina tsakar gida ina sheƙar gero sai muka ji babura. Mu mutanen wajen nan mun san bambancin ƙarar babur ɗaya da ta ayari. Kafin in aje faifai har an fara harbi ta wajen masallaci. Malam yana gona. Ƙofar gidanmu tana kallon hanyar da suka biyo, saboda haka fita ta nan ba ta taso ba. Na saɓa ƙaramar a baya, na ja sauran, na nufi bayan ɗaki inda darnin kara yake, na sa hannu biyu na keta shi, muka faɗa cikin dawa. Allah Ya sa dawar ta yi tsawo, ita ta rufa mana asiri. Maƙwabciyata, da gidansu ke da katangar ƙasa mai ƙofa ɗaya tal, an tafi da ita da ɗiyarta. Sun dawo daga baya, amma ba zan iya rubuta yadda suka dawo ba.

Tun daga nan muka taso Batsari, muka kama hayar ɗaki biyu a gidan wani mahauci, mutumin kirki. Malam da yake da rumbuna da turken shanu ya koma ɗan haya, yana bin layin banɗaki da safe. Bai taɓa yin ƙorafi ba, sai dai ya zama marar magana. A bara ya rabu da gonar da ta rage mashi, ya samu fili a gefen gari, can inda gidaje suka fara ƙarewa. Ranar da ya zo da labarin na yi murna, na kuma ji gabana ya faɗi saboda gefen gari ne, amma abin da ƙarfinmu ya kai ke nan.

Malam yana da yaya, Yaya Zuwairatu, tana aure a Safana. Babban ɗanta Uwaisu a hannun Malam ya yi ƙuruciyarsa, daga baya ya karanci zanen gine-gine, yanzu yana aiki a Abuja. Ba zan ci naman shi ba, mutum ne mai ladabi, har yau durƙusawa yake yi in zai gaishe ni. Da ya zo yawon sallah ya ji maganar fili, sai ya ce, “Kawu, ba wanda zai zana maka gida ina raye.” Malam ya ji daɗi har ya kasa ɓoyewa.

Kafin su zauna na kira Malam ɗaki na faɗa mashi abin da ke raina. Na ce ina son ƙofa ta baya. Ina son ɗakin yara ya manne da nawa, da ƙofa a tsakani, yadda in na miƙa hannu zan taɓa su. Ba na son taga mai kallon hanya. Na kuma ce a bar mani wurin murhun icce da inda zan ɗaure awaki, don ni ba matar gidan gas ba ce. Suka zauna a zaure, na kai abinci na fito. Da Uwaisu ya tafi na tambayi Malam, ya ce ya faɗa mashi komai.

Bayan wani lokaci zane ya iso ta waya, Malam ya kai aka buga mashi a takarda. Hajiya, na yi makaranta, amma na juya takardar nan sama da ƙasa ban ga gida a ciki ba. Layuka ne baƙaƙe, akwati cikin akwati, da lambobi, da gajerun kalmomin Turanci da ba a koya mana ba. Malam ya dube ta ya ce madalla, ya yi kyau. Na ce ya nuna mani ɗakina. Ya ɗora yatsa a wani wuri, ya ɗage, ya mayar wani wurin, sannan ya ce ai magini zai gane. Nan na san shi ma bai gane ba, kunya ce ta hana shi ce ma ɗan da ya raina a hannu ya yi mashi bayani.

Da abin ya tsaya a takarda da sauƙi. Sai Uwaisu ya ce tunda zanen yana da wuyar ganewa bari ya turo hoto da bidiyo. Wallahi da na gani na ɗauka gidan wani gwamna ne ya turo bisa kuskure. Bango fari fat, fitilu a jere, tagogin gilashi manya-manya, ciyawa kore kamar tsakiyar damina, bishiyoyin dabino, ga wata baƙar mota doguwa a bakin get. Har da mutane a ciki, wata mata ba mayafi tana tafiya da jaka. A bidiyon ƙofa tana buɗe kanta, ka shiga falo mai kujeru irin na talabijin. Mu da ko babur ɗin Malam sai an tura yake tashi. Na nemi awakina ban gani ba, na nemi murhu babu, bayan ginin kuwa ba a nuna shi ba sam.

Malam ya kasa aje wayar. Ya nuna ma maigidan hayarmu, ya nuna a rumfar shi ta kasuwa, abokan sana'a suka ce ya tura masu, ya tura. Shi kuma Uwaisu ya ɗora a shafin shi na Fesbuk, da cikakken sunan Malam da sunan gari, har ya ƙara mashi Alhaji alhali bai je ba. Ni ban sani ba sai da na je wani suna a unguwa, ina shiga mata suka ɗauki guɗa suna cewa ga matar mai gidan gilashi, wata ta ce ashe mun daɗe muna ɓoye arziki a ɗakin haya. Dariya suke, ni kuwa ko tuwon ban iya ci ba.

Ke ba a nan kike ba, amma na san kina jin labari. A wajenmu ɓarayin daji ba sa zuwa da ka, sai an kai masu rahoto, kuma mai kai rahoton yana cikin mutane, ana sallah da shi ana cin kasuwa da shi. Ƙanena Surajo a ƙauyen Tsaskiya ba abin da ya yi illa ya cire jinkar ɗakin shi ya sa sabon kwano. Damina ba ta fita ba aka tare shi a hanyar gona. Allah Ya kuɓutar da shi, amma har yanzu in babur ya tsaya a ƙofar gida sai ka ga ya miƙe tsaye zumbur. In sabon kwano ya jawo wannan, me gidan gilashi da mota zai jawo?

Kuma ba zato kawai nake ba. Maginin da Malam ya ɗauka, Yero, ya ce wani mutum da bai sani ba ya tsaya da babur a filin da rana tsaka, ya tambaya ko nan ne za a yi gidan da ke cikin waya, ya daɗe yana kallo sannan ya wuce. Bayan haka muna cin abincin rana wayar Malam ta yi ƙara, baƙuwar lamba. Ina kusa, na ji muryar da kunnena. Ya ce, “Alhaji, mun ga gida. Allah Ya sanya alheri.” Ya kashe. Malam ya ce wataƙila mai sayar da bulo ne ke neman ciniki, ko wani cikin abokan kasuwa ke tsokana. Zai iya yiwuwa. Amma mai neman ciniki ai yakan faɗi sunan shi. Tun ranar in yarana suka makara daga makaranta sai in kasa zama, in fita bakin hanya da hijabi a karkace. In ina koyarwa aka buga ƙofar aji da ƙarfi sai allon ya faɗi daga hannuna, yara su yi ta kallona.

Ga kuma abu na biyu. An haƙa fandisho, wato ramin harsashin ginin, na roƙi Malam ya kai ni in gani. Na tsaya a bakin ramukan, ɗakunan suka yi mani ƙanana kamar akurki. Na zagaya baya ina neman inda aka bar ma ƙofa, rami ne ya zagaye ko'ina ba inda ya yanke. Na tambayi Yero ina ɗakin yara, ya nuna can ƙetaren tsakar gida, nesa da wanda ya ce nawa ne. Na ce ba haka na ce ba, ya ce shi takarda yake bi. Hajiya, darni ana keta shi da hannu, bulo fa? Na tsaya a wurin ina ganin kaina a cikin gidan nan, ƙofa ɗaya, yarana a can ni a nan, har numfashina ya fara sarƙewa.

Na yi ƙarfin hali na aika ma Uwaisu saƙon murya, na gaishe shi, na yi godiya, na tambayi ƙofar baya da ɗakin yara. Ya amsa cikin ladabi, amma rabin maganar Turancin aikinsu ne, ya yi zancen iska da haske da yadda rana ke faɗowa, ya ƙare da cewa, “Inna, komai yana ciki, ki kwantar da hankalinki.” Na saurara har na gaji, ban ji eh ko a'a ba. Maganar cire hoton kuwa na kasa ɗaukowa, nauyin shi nake ji.

Ban san yadda aka yi ba zancen ya kai kunnen Yaya Zuwairatu. Ta kira Malam ta ce ɗanta da manyan mutane ke layi a ofis ɗin shi ya bar aikin shi ya yi mana kyauta, amma matar shi ta zauna tana tsince-tsince kamar ita ta yi karatun. Malam bai yi mani faɗa ba, ya dai ce in bar maganar, kada in haɗa shi da 'yar'uwar shi. Kuma ina ganin shi in ya dawo kasuwa, ya zauna a kan tabarma ya kunna bidiyon nan yana murmushi shi kaɗai. Rabona da ganin wannan murmushin tun muna ƙauye. Ta yaya zan ce mashi abin da ke faranta mashi rai shi ke neman kashe ni da tsoro?

Shaiɗan yana raya mani abubuwa. Wani lokaci in ji kamar in ɗauki wayar in goge komai. Wani lokaci in ce in je in ce ma Yero Malam ya ce a tsaya da aiki. Har na yi tunanin in kwashe yara in koma wajen mahaifiyata in ce ba zan shiga gidan ba ko an gama. An ce za a fara zuba kankare da zarar yashi ya iso. Ni ce tsoro ya rikita, ko kuwa ina da gaskiya? Me zan yi, kuma ta ina zan fara? Allah Ya saka maki da alheri.

Taki,
Mai Fargaba, daga Batsari.

AMSA

Wa alaikumus salam, 'yar'uwata. Na tsallake wasiƙu da dama na ɗauko taki, don na ga yashi na hanya. Ba ki rikice ba. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma yakan gudu, gaskiya ne, amma ke abin da kika gani ya wuce tsumma. Sai dai tsoro biyu ne suka cakuɗe miki, na hoto da na gini, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne.

Hoton ya fi gaggawa. Kafin in amsa miki na zauna da wata mai zanen gine-gine a Katsina na karanta mata wasiƙarki. Ta ce motar nan da ciyawar da matar mai jaka duk a cikin kwamfuta suke a ajiye, ɗaukowa ake a manna don hoto ya yi rai, kamar yadda tela ke sa wa gunkin tallan kaya sarƙa don riga ta fito. A inda Uwaisu ke aiki wannan ado ne da talla, ba mai kallonsa a matsayin shaidar dukiya. Ta kuma ce a ƙa'idar aikinsu ba a sa gidan mutum a fili da sunansa sai da izininsa. Ke nan Uwaisu ya yi kuskure, amma kuskuren ɗan da ke alfahari da kawunsa ne, ya manta cewa idon Abuja daban, idon Batsari daban.

A yau, ba gobe ba, a roƙe shi ya sauke hoton da bidiyon. Malam ne ya fi dacewa ya faɗa, in ya ji nauyi ke ki faɗa a gabansa. Ba zan yaudare ki ba, saukewa ba za ta goge wanda ya riga ya shiga wayoyin mutane ba. Abin da zai rage masa kaifi shi ne bakin da ya yaɗa shi. Malam ya koma rumfar nan ya faɗa da dariya cewa adon kwamfuta ne ɗansa ya yi masa, shi ɗakunan bulo zai tayar a hankali yadda Allah Ya hore. Ke ma ki faɗi haka a cikin mata. Kuma abin da za a gani a filin ya kasance daidai da wannan magana: ba get mai ƙyalli, ba fentin waje, ba gaggawa.

Kiran wayar da mai babur ban san ko su wane ne ba, ke ma ba ki sani ba, Malam ma haka. Abin da ba a sani ba kuwa ba a kwanciya a kansa. Kada a kira lambar, kada a goge ta. Malam ya kai ta wurin mai unguwa da jami'an tsaron da ya amince da su, ya faɗi abin da ya faru ba ƙari ba ragi, ya kuma tambaye su gaskiyar halin wannan gefen garin. In suka ce a dakata, a dakata, fili ba ya gudu. Abu ɗaya nake gargaɗinki da shi da babbar murya: kada tsoro ya sa ki ambaci sunan wani maƙwabci ko ɗan kasuwa da zargin kai rahoto. A irin yankinku wannan kalma tana iya cin ran wanda bai ji ba bai gani ba.

Sai ginin. Ga wani abu da zai ɗan sanyaya miki rai: mai zanen nan ta Katsina ta ce ramin fandisho zagayewa yake yi har ƙarƙashin ƙofofi, ba a ganin gurbin ƙofa sai bulo ya taso. Kuma ɗaki a matakin rami kullum ƙarami yake bayyana. Don haka rashin ganin ƙofar baya a ƙasa bai nuna babu ita ba. Amma ɗakin yara da Yero ya nuna miki a ƙetare, wannan magana ce ta gaske, kuma yanzu ne lokacinta. Tun ran gini tun ran zane. Gyaran rami aikin shebur ne, gyaran bango sai guduma.

Ina da tambaya gare ki. Kin taɓa ba wa Uwaisu labarin darnin nan da bakinki? Na karanta wasiƙarki ban ga inda kika yi ba. Kin ba Malam saƙo, ya shiga zaure. Ina kyautata zaton ya ce a yi ƙofar baya, amma da wuya namijin da aka raba da gidansa ya dubi ɗan da ya raina ya ce zana mini hanyar gudu. In Uwaisu bai ji dalili ba, zai ɗauka ƙofar zubar da shara ce, ya kuma ware ɗakin yara don a tunaninsa ya ba ku sarari. Shi ya san gini, mai ɗaki kuwa shi ya san inda ke masa yoyo. Ku duka biyu kuna magana, ba wanda ya ji ɗan'uwansa. Ki ba shi labarin yadda kika ba ni, a gaban Malam. Ina sa ran abin da zai zana bayan ya ji zai bambanta.

Sannan ki nemi a yi miki bayani ta hanyar da za ki gane, wannan haƙƙinki ne, ba raini ba ne. Takardar nan gida ne da aka ɗage wa rufi ana leƙawa daga sama, kamar kin buɗe murfin kwano. Amma ba dole sai kin iya karanta ta ba. Uwaisu ya zo filin, in ba zai samu zuwa ba ya kira Yero ta bidiyo. A zuba toka a shata kowane ɗaki, a kafa turaku inda ƙofofi da tagogi za su kasance. Ki shiga da ƙafarki, ki tashi daga inda gadonki zai zauna ki je ɗakin yara, daga nan ki fita ta baya, ki ji ko tafiyar ta yi miki. Ki tsaya inda murhu zai kasance, ki nuna inda awaki za su kwana. In zai iya, ya haɗa ɗan ƙaramin gidan da kwali mai rufin cirewa, su ma suna yin haka a ofisoshinsu. Ya yi magana da Hausa zalla, duk kalmar da ta wuce ki ki tsayar da shi. In ya gama, ke ki maimaita masa abin da kika fahimta, in ya ce haka ne sannan a gyara takarda a ba Yero. Kafin nan kada a zuba kankare.

Ke ma ki saurare shi. Maganar iska da ya yi ba kauce-kauce ba ce, ɗakin da aka toshe saboda tsoro yana jawo ciwo a lokacin zafi. Ƙofar da kike fita ta nan wani ma yana iya shigowa ta nan, kuma gidan da aka ɗaure ko'ina da ƙarfe tarko ne ranar gobara. Wataƙila ya kawo dabarar da ta fi taki, kamar ƙofar da ba ta buɗuwa sai ta ciki, ko taga a sama kusa da rufi, ko wata 'yar hanya tsakaninku da maƙwabta in sun yarda. Babu katangar da ke ba da tabbaci, tsari na Allah ne, amma an umarce mu da ɗaure raƙumi.

Kada ki goge komai a wayar Malam, kada kuma ki yi wa magini ƙarya da sunansa. In kika yi, zance zai tashi daga kan gida ya koma kanki. Mutumin nan mutuncinsa da aka ƙwace yake kallo a bidiyon, don haka kada ki kushe masa shi. Ki zaɓi lokacin da ya ci ya huta, ki ce kina son gidan kamar yadda yake so, kina dai son ku shige shi ku duka shida. Ki gaya masa yadda allo ke faɗuwa daga hannunki, domin ina zaton bai san tsoron ya kai haka ba. Yaya Zuwairatu kuwa ki kira ta da kanki, ki fara da godiya, ki ce ba aikin ɗanta kike raina ba, ƙaninta kike jin tsoron a ɗauke. Uwa ce, kuma a Safana take, ta san abin da kike nufi.

Shi kansa firgicin kada ki raina shi. Abin da kika gani a ƙauye bai gama fita daga jikinki ba. Ki samu wata babba da kika yarda da ita ki riƙa amayar mata, in numfashin ya ci gaba da sarƙewa ki je asibiti ki faɗa, ba abin kunya ba ne. Maganar komawa gida da yara ki ajiye ta tukuna, ba ki gwada magana a fili ba balle a ce ta ƙi.

Ke za ki wuni a gidan nan fiye da kowa. Bai kamata a ɗora bulo ɗaya a kan ɗaya ba sai kin san inda za ki kwantar da 'ya'yanki. Allah Ya tsare ku da tsarewarSa, Ya ba Surajo lafiya, Ya dawo da zaman lafiya Batsari da Safana da ƙauyukansu, Ya sa ku shiga gidanku da ƙafar dama.

Hajiya Ramlat